Ki Gaida Tsoho, Ina Hanya

Har yau, in na saka rubutu a shafina na intanet, ba na iya ajiye wayar sai na ga sharhin yayana. Ko tuwo nake tuƙawa, ido ɗaya na kan tukunya, ɗaya na kan waya. Maigidana ya yi mini tsiya har ya gaji, wai sai ka ce mai jiran sakamakon asibiti. Ban taɓa musa masa ba. Tsoro ne tsagwaronsa, kuma na san ranar da ya shige ni.

Mu biyu ne a wurin Baba, ni da Yaya. Shi direban tirela ne, yana kai hatsi da gyaɗa kudu, ya dawo da duk abin da aka loda masa. Ni ce auta, ina aiki a sashen gona na ƙaramar hukuma a Ajingi, inda nake aure. Baba kuwa yana Kademi, a gidan da aka haife mu, shi da gonarsa da awakinsa da taurin kansa. Innarmu ta daɗe da rasuwa, kuma rasuwarta ce ta koya mana yi wa Yaya fargaba. Yana tsaye a tashar Gaya, saukarsa ke nan daga tafiya, wani ya tare shi ya ce, "Ashe Inna lokaci ya yi? Allah ya jiƙanta." Shi kuwa bai ji ba tukuna. Nan take ya yanke jiki ya faɗi, aka kwashe shi sai asibiti, aka ce jininsa ne ya hau. Bakinsa ya ɗan karkace na wani lokaci kafin Allah ya sa ya dawo daidai. Tun daga nan dangi kaf suka san ba a jefa wa Yaya mugun labari ko yana tsaye a ƙasa, balle yana riƙe da sitiyari.

Shafin nan, wanda matasan ofishinmu ke kira bulog, ban buɗe shi don zancen gida ba. Na buɗe shi ne wai don in wayar wa manoma kai. Ji iyayi! Na riƙa zuba bayani irin na takardun ofis, tazarar ramin gyaɗa, lokacin zuba taki, yadda ake adana wake, kuma kowanne sai ya fara da "yana da matuƙar muhimmanci manoma su sani." Da farko abokan aiki suka shigo suka ce Allah ya ƙara basira, ƙawayena suka ce ma sha Allah. Daga nan ɗif. In ɓata yini ina rubutu, in saka, in yi ta leƙawa, babu ko wanda ya yi tari. Wallahi abin da ciwo, kamar ka gama girki ka shimfiɗa tabarma a ƙi zuwa.

Na gwada dabarar da na ga wasu na yi, ta saka kanu mai tayar da hankali: "Abin da zai cinye maka wake bana!" Mutane suka shigo a guje, suka tarar da tsohon zancen ƙwarin da kowa ya sani, suka fice. Wani ma har ya rubuta cewa Allah ya isa datarsa. Na yi fushi na watsar da shafin wata da watanni, na dawo na ba da haƙuri, na sake ɓacewa. 'Yan tsirarun da suka rage su ma suka gaji da leƙowa suna tarar da rubutun da suka bari.

Yaya ne ya faɗa mini gaskiya ba kwana-kwana, wata rana da muka haɗu a gida.

"Auta, rubutun nan naki yana da amfani fa," in ji shi. "In barci ya ƙi zuwa a tasha, shi nake buɗewa."

Na ce, "Haba Yaya!"

"To ƙarya zan yi miki? Ba na jin muryarki a ciki. Ko sakataren ofishinku ne ya rubuta ba zan bambance ba. Ke da bakinki ba ya mutuwa a gida, me ke kama ki in kin riƙe waya?"

Na kumbura na ƙi kula shi har ya tafi, amma maganar ta zauna mini.

Abin da ya juya shafin, haushi ne. Na kai wa Baba buhunan nan na adana wake masu leda a ciki, waɗanda iska ba ta shiga. Na zauna na yi masa bayani dalla-dalla, yana ta gyaɗa kai kamar ya ɗauka. Da na koma Asabar ta gaba, na tarar ya farke su ya rufe akurkin kaji da su, waken kuma yana cikin tsohon buhu. Na ce, "Baba, mene ne haka?" Ya ce ledar ta yi kyau da yawa, asara ce a ɓoye ta a ɗaki. Da ƙwari suka cinye waken kuwa, cewa ya yi bakina ne, tunda ni na fara ambaton ƙwari a gidan. Ran nan a motar dawowa, daga Gaya zuwa Ajingi, da zafina na rubuta abin yadda ya faru, da maganarsa da tawa, ban gyara komai ba. Na rufe da cewa, "Jama'a, don Allah ku yi mana alƙalanci. Ni da tsohon nan wa ke da gaskiya?"

Tabɗi! Kafin in sauka daga mota wayata ta fara rawa. Wata daga Gafasa ta ce nata uban da gidan sauro ya kewaye yabanyar tumatir. Wani ɗan Kademi da ke gadi a Legas ya ce ya yi dariya har maigidansa ya leƙo. Mutane suka rabu biyu, 'yan Baba da 'yan Auta, kuma 'yan Baba sun fi yawa, marasa kunya. Ashe ba koyarwata suke gudu ba, rashin mutum a cikin rubutun ne ya kore su. Da suka sami tsoho mai rai da za su so, aka kuma tambaye su ra'ayinsu, sai suka kawo kujerunsu suka zauna. Ni kuma na daina ɓacewa. Kullum da safe in kira Baba in gaishe shi, ba ya rasa abin da zai takale ni da shi, da hantsi in rubuta, gajere, in mayar masa da martani son raina, in nemi alƙalanci. Ko bayanin takin da aka guje wa a da, in na cusa shi a cikin faɗanmu sai a karanta har a yi gardama a kai.

Baba ba ya karatun boko, amma a masallaci ake ba shi rahoto. Ya kan ce, "Ki gaya wa mutanen naki na cikin waya, wancan na Legas ɗin yana da hankali." Daɗi yake ji, ya dai ƙi nunawa.

Shi kuwa Yaya, bai taɓa fashi ba. Ba ya cikin kowane guruf na hira a waya, ya ce surutu ne da cin data, shafina kaɗai yake buɗewa. Duk inda ya tsaya salla ko cin abinci, sai ya rubuta magana ɗaya, ba ya canja ko harafi: "Baba ne da gaskiya. Ki gaida tsoho, ina hanya." Har masu karatu suka haddace suna tsokanarsa da ita. A wurina kuwa ba abin dariya ba ce. Hanyar kudu ce, da ramukanta da 'yan fashinta da masu satar mutane, kuma wannan 'yar maganar ita ce shaidar cewa yana raye. In na karanta wa Baba sai ya ce "to, madalla" kamar bai damu ba, alhali in ta yi jinkiri shi ke fara kirana. Abu ɗaya ne ke ba ni tsoro: wayar a maƙale take a gefen sitiyarinsa, kuma ya taɓa amsa mini da bakinsa cewa in hanya ta miƙe yakan ɗan leƙa. Na yi faɗa, na haɗa shi da Allah, ya yi dariya kawai.

Ranar da abin ya faru, damina ta yi tsakiya, gero ya fara fitar da kai. Ina ɗaura ɗankwali zan tafi ofis sai ga kiran Baffa, ƙanin Baba. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. "Auta, ki taho gida, jikin yayana ya matsa." Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da wannan magana ke iya nufi. Ba a gaya wa na nesa mutuwa a waya, cewa ake jiki ya matsa, don a bar masa ɗan abin da zai riƙe har ya iso lafiya. Kuma wani lokacin gaskiya ce tsurarta, don bara ma Baffa ya yi mana irin wannan kira, muka zo a guje muka tarar da Baba a zaune yana cin dabino yana faɗa da mai allura. Da wannan na riƙa lallashin kaina a bayan babur ɗin maigidana, har muka shiga layinmu na hango tabarmi a ƙofar gida.

Wai daga sallar asuba ya dawo, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, bari ya ɗan kwanta. Shi ke nan.

Ban ma samu na yi kuka ba Baffa ya ja ni gefe a soro. Idonsa ja wur, amma muryarsa ba ta rawa. Ya ce, "Saurara da kyau. Yayanki ya baro Legas da lodi, yana tsakiyar hanya. Jana'iza ba za ta jira shi ba. Na kira shi na ce jiki ya matsa, ya taho a hankali. Iyakar abin da zai ji ke nan, sai ya sauko daga motar nan da ƙafafunsa. Kin san abin da ya faru a na uwarku. Kin ji ni ko?"

Na ce, "Na ji, Baffa."

Na shiga ciki na zauna cikin mata. Ana ta shigowa ana "sannunku da haƙuri," ina amsawa ban san me nake faɗa ba. Sai wayata ta yi motsi a cinyata. Na duba don na zaci Yaya ne. Wani malamin makaranta ne ɗan unguwarmu, mutumin kirki, shugaban 'yan Baba ma a shafin. A ƙarƙashin rubutuna na jiya ya saka, a bainar jama'a: "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan tsohonmu." Har da hoton Baba da rawaninsa na salla.

Abin da na gani a idona shi ne hanya miƙaƙƙiya, tirela cike da kaya, da Yaya yana miƙa yatsa ya taɓa waya.

Sabis ɗin cikin gidanmu na munafunci ne, yana kawo maka sanarwa amma ba ya buɗe maka shafi. Wuri ɗaya na sani, bayan gida kusa da rumbu, shi ma sai ka ɗan yi sama. Na tashi na tsallake ƙafafun mutane, na kife tsohon turmin Inna na hau, na ɗaga waya. Abin ya yi ta juyawa, yana juyawa, ina "ya Allah, ya Allah." Ya buɗe, na goge sharhin malamin. Ban sauke hannu ba wani ya faɗo. Na goge. Sai ga na wata daga Gafasa, da dogon salati da addu'a.

Abin takaicin, babu ɗaya a cikinsu da zai ɗaga waya ya kira Yaya ya gaya masa. Ko da wasa. A baki kowa ya san al'ada. Amma a rubuce sai kowa ya ga kamar da ni kaɗai yake magana, ga gaggawar neman ladan ta'aziyya, ga son da suke yi wa tsohon. Sun manta cewa wurin nan dandali ne, kuma ɗan mamacin kullum sai ya biyo ta nan. Mutanen da na yi shekaru ina roƙon Allah ya kawo mini su, ran nan ji na yi ina ma ba a taɓa karanta ni ba.

Na yi tunanin in rufe wurin sharhin gaba ɗaya. To amma in Yaya ya zo rubuta tasa ya tarar a rufe, me zai ɗauka? Ni kuma ta ina zan san yana raye? Akwai yadda ake yi a tace sharhi kafin ya fito fili, sai daga baya na koya. Ran nan abin da na iya kawai shi ne in tsaya in yi gadi da yatsana.

A haka Goggo, ƙanwar Baba, ta same ni. Ta riƙe haɓa. "Ke 'yar nan! Ubanki ko wanka ba a gama yi masa ba, kina kan turmi kina latsa waya? Mutane na ta tambayarki, me zan ce musu?"

Na yi mata bayani ina haɗa kalmomi da kyar. Da farko ba ta gane ba. Sai ta ce, "Tsaya. Abin da suke rubutawa nan, yana gani daga cikin motar?"

"Yana gani, Goggo."

Ta yi salati ta dafa rumbu. Ta dube ni, ta dubi turmin da ke rawa a ƙarƙashina, ta sa ƙafa ta tura masa dutse. "Kada ki sauko," in ji ta. Ta wuce soro da saurin da ban san tana da shi ba, ta gaya wa Baffa, Baffa ya gaya wa liman.

Sau ɗaya na sauko, lokacin da aka ce mu zo mu yi masa addu'ar sallama kafin a fita da shi. Na soke wayar a zani na durƙusa a gabansa. Ga Baba a miƙe cikin farin likkafani, shiru, mutumin da bai taɓa barin magana ta wuce shi ba. Ina karanta ƙulhuwallahu waya na rawa a ƙuguna, ta tsaya, ta sake. Na so in daɗe a wurin, tsoro ya hana ni. Ana ɗaga makara na koma bayan gida a guje, na tarar sharhin ta'aziyya sun taru, kuma ban san tsawon lokacin da suka yi a fili ba. Ina gogewa da sauri har ina kuskuren wurin dannawa.

Ban gama ba kira ya shigo. Yaya.

Na toshe bakin wayar da tafin hannu saboda kukan matan da ke tashi daga tsakar gida, na matsa jikin rumbu.

"Auta, ya jikin tsoho?"

A bayansa ina jin gurnanin inji. Tuƙi yake yi. Na ce, "Da sauƙi, Yaya."

"Ba ni shi."

"Ba ya iya magana yanzu. Ka dai taho a hankali, don Allah, kuma ka daina waya kana tuƙi."

Sai ya ce, "Yau ban ga rubutu ba."

"Zan saka."

"To ki saka. In na tsaya zan duba."

Ya kashe. Na san Yaya. In hantsi ya wuce, azahar ta wuce babu rubutu, shirun kansa zai gaya masa abin da muke ɓoyewa. Dole in rubuta, kuma ba zan iya ƙirƙiro wa mamaci maganar da bai yi ba. Sai na tuna Asabar ɗin da ta wuce, da na dama masa kunun tsamiya, labarin da ban riga na saka ba. Ya kurɓa ya yamutsa fuska, ya ce aikin ofis ya kashe mini hannu, wannan ai ruwan wanke ludayi ne, amma ya shanye tas ya miƙo kwanon a ƙara. A tsaye kan turmi na rubuta, hadari na haɗuwa a gabas, ana can ana binne shi. Da na zo inda na saba mayar masa da martani in nemi alƙalanci, yatsana ya ƙi. Na tsaya a maganarsa na saka haka nan.

Sai na jira abin da zai biyo baya. Sabon rubutu yana kiran mutane fiye da tsohon rubutu, na san da kaina na buɗe ƙofa.

Amma liman ya riga ya yi magana a wurin jana'iza. Ya ce ɗan mamaci yana kan hanya da babbar mota, duk mai ƙaunar gidan nan kada ya rubuta komai a waya sai ya iso. Maganar ta bi gari, daga waya zuwa waya, ta kai Gaya, ta kai Ajingi, ta kai har Legas. Sai na ga waɗanda ban kai ga gogewa ba suna ɓacewa da kansu. Sharhin farko a ƙarƙashin sabon rubutun kuwa na malamin nan ne, wanda aka ce shi ya shiga kabarin ya karɓi gawar. Ya rubuta, "Tsoho ya yi daidai, kunun 'yan boko sai a hankali." Matar Gafasa ta ce a'a, a bar Auta ta huta. Mai gadin Legas ya saka dariya. Mutane suka yi ta shigowa suna faɗan da suka saba, kowa ya san abin da ya sani, suna raha da hawaye don mutum ɗaya ya iso gida. Can ba a rasa ba, wani da saƙo bai kai gare shi ba yakan jefo ta'aziyya, in goge, wasu kuma su bi shi ta bayan fage su ja masa kunne.

Na Yaya ne kawai bai zo ba.

Aka yi azahar. Aka yi la'asar. Ba ya kai haka bai tsaya ba, ko don salla. Na so in kira, na tuna in yana tuƙi ni ce zan sa ya ɗauki waya. Na fasa, na sake ɗagawa, na sake fasawa. Tunani babu irin wanda bai zo mini ba. Ko ya ga ɗaya daga cikin na safe, lokacin da nake durƙushe gaban Baba? Ko yanzu haka motar na kwance a gefen hanya, mutane sun kewaye ta, ana laluben aljihunsa a nemo lambar 'yan'uwa? Duk baƙuwar lambar da ta shigo sai in ce ga labarin ya zo. Ruwa ya sauko, Goggo ta zo da laima ta tsaya a gefena tana riƙe mini, ita tana jiƙewa, bakinta na motsi da addu'a. Cajina ya ƙare, maigidana ya miƙo tasa wayar ta katanga na shiga shafin da ita. Ƙafafuna suka kumbura. A raina na ce, ya Allah, kada ka haɗa mini biyu a rana ɗaya, ba zan iya ba.

Ana shirin kiran magariba na Yaya ya faɗo. "Baba ne da gaskiya. Ki gaida tsoho, ina hanya."

Na karanta wa Goggo. Na sauko daga turmin na zauna daɓas a cikin caɓi, sai a lokacin na yi wa ubana kuka.

Washegari na koma gadi tun da safe, amma an riga an gane, babu abin gogewa sosai. Bayan la'asar aka ce ga shi nan. Ya bar motar a Kano, ya shigo ta haya zuwa Gaya, ya hau acaɓa. Na laɓe a bayan ƙofar soro ina leƙe. Baffa ya shirya maza biyu majiya ƙarfi, ɗaya dama ɗaya hagu, don su tare shi in ya tafi ƙasa. Yaya ya sauka, ya dubi tabarmi, ya cire takalmi ya durƙusa gaban Baffa. Kafin Baffa ya buɗe baki ya ce, "Baffa, a ina aka sa shi? Kusa da Inna?"

Bai faɗi ba. Aka raka shi maƙabarta, ya dawo, ya karɓi gaisuwa, sannan ya shigo ciki ya same ni a bayan gida. Turmin na nan a kife. Ya dube shi, ya zauna a kai.

Ni kuwa raina a ɓace yake, na ƙudura sai na ci mutuncin duk wanda ya yi mana wannan ɓarna. Na ce, "Yaya, wa ya gaya maka?"

"Ke."

"Ni? Wallahi tallahi ban..."

"Ba ki ce a yi muku alƙalanci ba," in ji shi. "Baba ya ce kununki ruwan wanke ludayi ne, kika yi shiru. Auta, tun kina rarrafe ba ki taɓa barin tsoho da maganar ƙarshe ba."

Ya ce Allah ya taimake shi a tsaye ya karanta, a wata tasha da ya shiga cin abinci. Yana kai ƙarshe ya ji ƙeyarsa ta ɗaure, ƙasa na juyawa. Ya haɗiyi maganinsa, ya lallaɓa masallacin tashar ya kwanta, ya yi kukansa, bai tashi ba sai da kansa ya washe. Abin da ya sa ya yi jinkiri ke nan. Ragowar hanyar kuma wani abokin aikinsa ya roƙa ya karɓi tuƙin.

Na ce, "To tunda ka sani, me ya sa ka rubuta in gaishe shi?"

Ya daɗe yana murza hularsa a hannu. "Na san kina wani wuri a tsaye kina neman sabis, kin bar makokin ubanki kina gadina. In ban rubuta ba, ba za ki sauko ba."

Sai bayan arba'in na sake rubutu. Wasu masu karatun sun tafi, don Baba suke zuwa, kuma ban ga laifinsu ba. Waɗanda suka rage, da su muke lallaɓawa, yanzu Goggo ce abokiyar faɗan, kuma ba ta da sauƙi ko kaɗan. Yaya ya koma hanya, don ita ce sana'arsa. Duk inda ya tsaya yakan buɗe shafin ya rubuta, ni kuma ina nan riƙe da waya, ba na ajiyewa sai na gani. "Ina hanya," iyakarta ke nan yanzu. Idona dai har yau sai ya fara zuwa inda sauran maganar take a da.